Tsofaffin kayan ado na kwaikwayo: Yadda masu na'urar gano ƙarfe ke tono su da yadda ake sanin shekarunsu

A Najeriya da Nijar an fi ganin na'urar gano ƙarfe a hannun mutane iri biyu: masu gadin da ke shafa ta a jikin jama'a a ƙofar masallaci ko filin jirgin sama, da masu neman zinare, irin waɗanda suka yi tururuwa zuwa Djado da ke arewacin Nijar tun daga shekarar 2014. A Birtaniya da Amurka kuwa, dubban mutane ne ke saɓa ta a ranakun hutu, su nufi gonakin da aka girbe da bakin teku da tsofaffin filayen shaƙatawa, suna neman abin da mutanen da suka shuɗe suka yar.

Labaran da ke fitowa a jaridu na waɗanda suka taki babbar sa'a ne, kamar Terry Herbert, wanda a watan Yulin 2009 ya gano tarin zinare da azurfa na zamanin Anglo-Saxon a wata gona a Staffordshire, aka ƙiyasta kuɗinsa fam miliyan 3.285. Abin da yawancin masu neman ke komawa gida da shi daban ne: ƙusoshi, marafan kwalba, tsofaffin kwabbai, sai kuma jefi-jefi wani zobe ko ɗan kunne ko fil ɗin ado, wato ƙawar da ake maƙalawa a ƙirjin riga. Mafi yawan waɗannan kayan ado na kwaikwayo ne, an yi su da tagulla ko wani ƙarfe mai araha, aka yi musu ruwan zinare, aka jera gilashi a gurbin duwatsu masu daraja. Wanda bai sani ba yakan jefar da su da zarar ya gane ba zinare ba ne. Wanda ya sani yakan juya bayan abin, domin a nan ne maƙerinsa da ƙasarsa da zamaninsa suke rubuce.

Asalin sana'ar

Kwaikwayon zinare tsohuwar sana'a ce, amma irin kayan da ake tonowa a yau sun samo tushe ne daga ƙarni na 18. Wani mai ƙera agogo a Landan, Christopher Pinchbeck, ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya samar da wani ƙarfe mai kama da zinare, wanda matafiya ke sanyawa saboda tsoron 'yan fashin hanya. Har yau ana amfani da sunansa a Turanci da ma'anar jabu. A birnin Paris kuma, Georges Frédéric Strass ya ƙware wajen yanka gilashi mai dalma a ciki har ya riƙa walƙiya kamar daimon, aikin da ya kai shi zama mai yi wa Sarki Louis na 15 kayan ado.

Abin da ya sauko da kayan zuwa hannun talakawa shi ne wutar lantarki da inji. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar lulluɓe ƙarfe da zinare ko azurfa ta hanyar lantarki. A 1892 Daniel Swarovski ya yi rajistar injin yanka gilashi, bayan shekara uku ya kafa masana'antarsa a Wattens ta ƙasar Ostiriya. Garin Gablonz na yankin Bohemia, wanda yanzu ake kira Jablonec a Jamhuriyar Cek, ya shahara da duwatsun gilashi da ya riƙa aikawa ko'ina, har kasuwannin Afirka.

A shekarun 1920 mai tsara tufafi Coco Chanel ta cire wa kayan kunya, ta sa manyan mata suka riƙa sanya lu'ulu'un bogi a bainar jama'a. Daga nan birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka ya zama cibiyar sana'ar, sunayen kamfanoni irin su Coro da Trifari da Monet suka cika shaguna. A bikin rantsar da Shugaba Eisenhower na 1953, matarsa Mamie kayan Trifari ta sanya. Abin da aka ƙera miliyoyi, aka sayar da araha, aka sa shi zuwa rawa da wanka a teku, dole ya zube da yawa. Shi ya sa ƙasa ta cika da shi.

Abin da na'urar ke ji

Faifan da ke ƙarshen sandar na'urar yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta zagaya a jikin ƙarfen, na'urar ta ji amsarta, ta yi ƙara, ta kuma nuna lamba a fuskarta. Baƙin ƙarfe yakan ba da lamba ta ƙasa, jan ƙarfe da azurfa ta sama. Matsalar tana tsakiya. Ƙaramin zoben zinare da takardar alminiyum da ɗan zoben da ake ja a buɗe gwangwanin lemo duk a wuri ɗaya suke faɗawa, kuma kayan kwaikwayo, da yake gaurayen ƙarafa ne, suna iya bayyana a ko'ina. Wanda ya saita na'urarsa ta yi watsi da shara ya yi watsi da zobba ke nan. Ƙwararru sun yarda cewa mai son kayan ado sai ya haƙura da tono tarkace.

Siffar abu ma tana da tasiri. Cikakken zobe yana ba da amsa mai ƙarfi saboda wutar na samun hanyar zagayawa, amma idan ya tsinke sai amsar ta raunana. Siririyar sarƙa kan wuce ba a ji ta ba, domin na'urar tana jin kowane ɗan zobenta ne shi kaɗai, sau da yawa maƙullin sarƙar ne ke tona asirinta. Abin da ba ƙarfe ba, kamar awarwaron roba mai tauri ta Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙira a 1907, na'urar ba ta jin sa sam, sai in yana da fil ko mahaɗi na ƙarfe.

Yawancin irin waɗannan kaya ba sa wuce zurfin taƙi ɗaya. Masu nema sukan bi tsofaffin taswirori su gano inda a da ake yin kasuwar baje koli ko rawa ko cin abinci a fili. Bakin teku ma wurin samu ne, saboda ruwan sanyi kan sa yatsa ya tsuke zobe ya sulluɓe.

Shaidar ƙasa

Kafin a kai ga karanta wani tambari, ƙasa ta riga ta yi nata gwajin. Zinare mai kyau yakan fito kamar jiya aka yar da shi, ko da ya shekara ɗari a binne. Azurfa takan yi baƙi ko toka-toka amma jikinta na nan daram. Tagulla da jan ƙarfe sukan yi kore ko ja mai duhu, kuma idan an yi musu ruwan zinare, tsatsar kan taso daga ƙarƙashi ta ɗaga ruwan ya riƙa ɓarewa, musamman a gefuna da wuraren da suka sha gogayya. Akwai kuma wani gaurayen ƙarfe mai araha na kuza da dalma da tutiya da aka yi yayinsa a shekarun 1920 da 1930, wanda ke fitowa fari-fari da ƙananan ramuka, wani lokaci ya marmashe a hannu.

Mai yaudarar ido shi ne ruwan rodiyum, wanda aka fara yawan amfani da shi a shekarun 1930. Yakan fito fari fat yana sheƙi, har mutum ya zaci farin zinare ne. Kama da wane ba ta wane. Nauyi ne ke raba gardama, domin tsantsar zinare ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu. Maganaɗisu ma yana taimakawa, amma rabin amsa yake bayarwa: abin da ya manne masa ba zinare ba ne, sai dai tagulla ma ba ta mannewa.

Karatun baya

Gaban kayan ado yana bin yayi ne, yayi kuwa yakan tafi ya dawo, har kamfanin 1970 ya kwaikwayi fasalin 1870. Bayan abu ba a cika damuwa da kwaikwayonsa ba, shi ya sa ya fi gaskiya.

A fil ɗin ado, abin dubawa na farko shi ne inda bakin allurar ke shiga. Na zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, 'yar ƙugiya ce kawai da aka lanƙwasa kamar harafin C, ba ta da abin kullewa, allurar kuma takan yi tsawo har ta leƙo bayan gefen fil ɗin saboda kaurin tufafin lokacin. Mahaɗin allurar ɗan bututu ne da aka yi da hannu. Maƙulli mai ɗan harshe da ake murɗawa ya rufe bakin allurar, wanda inji ke bugawa, daga shekarun 1920 zuwa 1930 ya zama ruwan dare. Akwai wani na Turai da ake ja a tura kamar bututun kakaki, wanda aka fi gani a kayan Faransa har zuwa shekarun 1940. Sai dai a lura, waɗannan alamu suna faɗin lokacin da abu ba zai girme shi ba ne kawai. Masu kayan araha sun ci gaba da sa ƙugiyar C shekaru da dama bayan an daina yayinta, don haka ita kaɗai ba ta isa hujjar tsufa ba.

'Yan kunne suna da nasu tarihin, wanda zai ba mai karatun da ya saba ganin ana huda kunnen jaririya mamaki. A farkon ƙarni na 20 matan Turai da Amurka da yawa sun ɗauki huda kunne a matsayin abin da bai dace ba. Sai aka ƙirƙiro ɗan kunne mai noti da ake murɗawa ya matse fatar kunne, wanda aka yi rajistarsa a 1894, daga baya a shekarun 1930 aka kawo mai maƙalewa. Huda ba ta dawo sosai ba sai shekarun 1960 zuwa 1970. A sarƙa kuwa, maƙulli mai kama da ƙahon ƙaguwa sabon shiga ne, daga shekarun 1970 ya yaɗu.

Bayan maƙulli sai tambari, wanda ake nema da madubin ƙara girma a cikin zobe, ko a kan harshen maƙulli, ko a wani ɗan faifai da aka liƙa a baya. Lambobi uku su ne albishir: 375 na nufin zinare karat 9, 585 karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22, yayin da 925 ke nufin azurfa. Idan haruffa suka biyo bayan lambar karat, labari ya canja. GF na nufin an manna fallen zinare a kan tagulla, kuma a dokar Amurka sai zinaren ya kai kashi ɗaya cikin 20 na nauyin abin, shi ya sa ake ganin rubutu irin 1/20 12K GF. RGP falle ne da ya fi wancan siranta. GP da HGE ruwan lantarki ne kawai. Mutane da yawa sun ga 18K sun yi murna, ba su kula da HGE da ke gefensa ba. Haka abin da aka rubuta wa German Silver ko Alpaca babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya ne.

Kayan zinare da azurfa na Birtaniya sun fi sauƙin karantawa, saboda ofisoshin gwaji na ƙasar suna buga jerin ƙananan hotuna: zaki mai tafiya alamar azurfa, anga ta jirgin ruwa alamar Birmingham, kan damisa alamar Landan, da harafi guda da ke nuna shekarar gwaji. Kayan kwaikwayo ba sa samun wannan tambari, ko da yake wasu masu ƙera su sun riƙa buga alamomi masu kama da shi.

Sunan ƙasa ma kalanda ne. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigowa da su, sai siyasar duniya ta mayar da wannan rubutu ma'aunin shekaru. Abin da ke ɗauke da Czechoslovakia an yi shi tsakanin 1918 da 1992, domin a tsakanin nan ne ƙasar ta wanzu. West Germany na nufin tsakanin 1949 da 1990, kuma da yawa daga cikin kayan sun fito ne daga Neugablonz, unguwar da Jamusawan da aka kora daga Gablonz bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka kafa a Bavaria suka ci gaba da sana'arsu. Occupied Japan kuwa 'yan shekarun mamayar Amurka ne, waɗanda suka ƙare a 1952.

Wasu alamu biyu sun shafi kayan Amurka musamman. A 1955 kamfanin Trifari ya yi nasara a kotu kan wani kamfani da ya kwaikwayi zanensa, hukuncin da ya tabbatar cewa dokar haƙƙin mallaka ta shafi kayan ado na kwaikwayo. Daga nan kamfanoni suka fara buga alamar © kusa da sunansu, don haka ganinta na nuna abin bai girmi tsakiyar shekarun 1950 ba. Ta biyun ta fi ban sha'awa. Daga 1942 gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da ƙarafa irin su tagulla da kuza saboda bukatun yaƙi, sai masu kayan kwaikwayo suka koma aiki da azurfa ta gaske. Fil ɗin Coro ko Trifari da aka rubuta wa Sterling mai yiwuwa ɗan shekarun yaƙin ne ko jim kaɗan bayansu. Ga abu an yi shi don ya kwaikwayi mai tsada, yaƙi ya sa jikinsa ya zama mai tsadar.

Duwatsun da ke jiki su ne shaida ta ƙarshe. Gilashin kwaikwayo ana shafa masa wani falle mai sheƙi a baya don ya mayar da haske, danshin ƙasa kuma yakan ci wannan falle, dutsen ya dushe ko ya yi baƙi. A madubi ana ganin ƙananan kumfa a cikin gilashi da karce a fuskarsa, gefunansa kuma sun dakushe. Dutsen da ke walƙiya da launukan bakan gizo, wanda ake kira Aurora Borealis, Swarovski ne ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1950 tare da gidan Dior. Duwatsun da aka riƙe da 'yan faratan ƙarfe sun fi nuna aiki mai kyau a kan waɗanda aka liƙa da gam. A nan ma akwai tarko: maƙeran ƙarni na 18 sukan rufe bayan duwatsu na gaske su sa musu falle, don haka abin da ya yi kama da na wancan zamani gara a kai wa masani.

Wanki

A wurin wanki ne aka fi yin asara. Mai zumuɗi yakan jiƙa abin a ruwan tsami, ko ya dirje shi da buroshin waya, ya kwashe ragowar ruwan zinaren da tambarin gaba ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar ƙasar ta bushe, a cire ta a hankali da tsinken sakace da buroshi mai laushi. Duk abin da ke da gilashi mai falle ko lu'ulu'un bogi ba a tsoma shi a ruwa. Ruwan gwajin zinare na masu sayar da gwal yana barin tabo, kuma yakan ruɗi mai gwaji idan falle ne mai kauri, sai an karce wuri ɓoyayye an kai ga ƙarfen ciki. Tsofaffin kayan da yawa suna ɗauke da dalma, saboda haka ba a ba yara su yi wasa da su, kuma ana wanke hannu bayan an taɓa.

Daraja da doka

Masu tara tsofaffin kayan kwaikwayo suna biyan kuɗi mai kauri a kan aikin fitattun masu zane, irin su Alfred Philippe da ya shiga Trifari a 1930, ko Miriam Haskell. Amma suna son abu lafiyayye, wanda ya kwana a ƙasa kuwa da wuya ya fito da duwatsunsa cikakku. Mafi yawan abin da ake tonowa kuɗinsa kaɗan ne, darajarsa tana cikin abin da yake faɗa game da wurin da masu zuwa wurin. Wani lokaci kuma mai abu ne ke ba shi farashi: a 1996 an yi gwanjon sarƙar lu'ulu'un bogi ta Jacqueline Kennedy a Sotheby's a kan dala 211,500.

A Ingila da Wales, kowane fili yana da mai shi, kuma ba a shiga da na'ura sai da izininsa. Dokar dukiyar tono ta 1996 ta ce abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinare ne ko azurfa, dole a kai rahotonsa ga hukuma cikin kwana 14. Idan gidan tarihi yana so, a biya lada, wanda galibi ake rabawa tsakanin mai tono da mai fili. Kayan kwaikwayo na ƙarni na 20 ba su shiga wannan doka ba, amma kuskuren ɗaukar tsohon zobe na gaske a matsayin na bogi na iya jefa mutum cikin matsala, shi ya sa ake shawartar masu nema su nuna abin da suke shakka ga jami'an shirin rajistar kayan tarihi da aka fara a 1997, wanda Gidan Tarihin Birtaniya ke kula da shi. A 2019 an ɗaure wasu mutum biyu shekaru masu yawa saboda ɓoye dukiyar zamanin Viking da suka tono a Herefordshire. Scotland ta fi tsanani, domin a can duk wani abin tarihi da aka tsinta masarauta na iya karɓa. A Amurka an haramta amfani da na'urar a gandayen shaƙatawa na tarayya. Najeriya ma, dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidaje da wuraren tarihi ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izini ba.

Abin da ya rage shi ne kayan da mai su yana raye. Zoben da ya faɗi a bakin teku bara na mai shi ne har yanzu, kuma a dokar Ingila riƙe shi ba tare da ƙoƙarin neman mai shi ba na iya zama sata, kamar yadda fiƙihun Musulunci ya ɗora wa mai tsintuwa cigiya ta shekara guda. A Amurka zobban kammala makaranta ne aka fi mayarwa, saboda suna ɗauke da sunan makaranta da shekarar gamawa da haruffan farko na sunan ɗalibi. Da waɗannan uku da kundin hotunan ɗalibai na wannan shekarar, akan gano mai zoben ko 'ya'yansa bayan shekara 40 ko 50, ko zoben na zinare ne ko na tagulla.